Tocila Mai Ƙwan LED: Wane Matakin Haske Ne Ya Fi Tattalin Batir?

Idan rana ta faɗi a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, tocila ce wutar gida. Da ita uwargida take duba tukunya. Da ita maigida yake zagaya garke da rumbu. Da ita ungozoma take fita idan an kira ta tsakar dare. Ku ma, masu koyon karatu da rubutu, da ita kuke bitar darasi bayan sallar isha'i. A Nijar, kimanin mutum 1 cikin 5 ne yake samun wutar lantarki, kuma a karkara abin bai kai haka ba.

Ko a garuruwan da wutar NIGELEC ta isa, ba a rabuwa da tocila. Ana jawo wuta zuwa jihar Maraɗi daga Katsina, ta layin da ya biyo ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a maido da ita ba sai a 2024. Waɗanda suka ga wannan lokaci sun san darajar tocila mai kyau.

Amma tocila tana cin batir, batir kuma yana cin kuɗi. Wannan shafi zai bayyana muku yadda tocilar zamani take aiki, da dalilin da ya sa batir yake saurin ƙarewa a wani matakin haske, ya daɗe a wani, da kuma yadda za ku gwada tocilarku da kanku.

Mene ne ƙwan LED?

Tocilar da, mai jikin ƙarfe da manyan batir biyu, tana da ƙwai mai siririyar waya a ciki. Wuta tana bi ta wayar, ta yi zafi har ta yi haske. Mafi yawan ƙarfin batir yana tafiya a zafi, kaɗan ne yake zama haske.

Ƙwan LED ba shi da wannan waya. Wani ɗan ƙanƙanen dutse ne da aka sarrafa, wanda yake fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi. An fara yin mai jan haske a Amurka a 1962. Mai shuɗin haske ya ba masana wuya, sai a farkon shekarun 1990 aka same shi a Japan. Daga shi ne aka yi mai farin haske, wanda ya shiga kasuwa a 1996. Mutane uku da suka yi wannan aiki, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014.

Da ƙarfin batir iri ɗaya, ƙwan LED mai kyau yana ba da haske kamar sau 10 na tsohon ƙwai. Shi ya sa tocilar LED ta kori tsohuwar tocila daga kasuwa, ta kuma rage amfani da aci-balbal da fitilar ƙwai masu shan kananzir.

Ma'aunai uku da ya kamata ku sani

Kamar yadda ake auna hatsi da tiya, haka ake auna haske da batir. Idan kun iya karanta waɗannan ma'aunai a jikin kwali, mai sayarwa ba zai ruɗe ku ba.

Na farko shi ne lumen, ana rubuta shi lm. Shi ne yawan hasken da tocila take fitarwa. Kyandir guda yana ba da kimanin lumen 12.

Na biyu shi ne mAh. Shi ne yawan wutar da ke cikin batir, kamar yawan ruwan da ke cikin randa. Batir mai 2500 mAh ya fi mai 1000 mAh ajiya, idan irinsu ɗaya ne.

Na uku shi ne mA. Shi ne yawan wutar da tocila take zuƙa, kamar girman ƙoƙon da ake ɗiban ruwa da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Ku raba mAh da mA, sai ku sami awa. Batir mai 2500 mAh, a tocila mai zuƙar 250 mA, zai yi kusan awa 10.

Matakan haske

Yawancin tocilolin LED suna da mataki biyu ko uku. Idan kun danna makunni sau ɗaya, sai babban haske ya kama. Idan kun sake dannawa, sai matsakaici ko ƙarami. Wasu suna da na walƙiya, mai kamawa yana ɗaukewa, wanda amfaninsa kiran taimako ne kawai.

Ga misali na lissafi, da tocila mai batirin caji na 2500 mAh. Tocilarku za ta iya bambanta da wannan, amma tsarin ɗaya ne.

Babban haske: lumen 300, yana zuƙar 1000 mA, yana yin awa 2 da rabi.

Matsakaicin haske: lumen 110, yana zuƙar 300 mA, yana yin awa 8.

Ƙaramin haske: lumen 20, yana zuƙar 50 mA, yana yin awa 50.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙaramin haske ya daɗe sau 20 fiye da babba. Na biyu, idan kuka tara dukan hasken da batir ya bayar tun daga cikarsa har ƙarewarsa, ƙaramin mataki ne ya fi yawa. Ku ninka lumen da awa ku gani. Babba ya ba da 750. Matsakaici ya ba da 880. Ƙarami ya ba da 1000. Batir ɗaya ne, amma amfanin da aka samu ba ɗaya ba ne.

Me ya sa babban haske ya fi ɓarna?

Dalili na farko yana ga ƙwan kansa. Idan aka ninka wutar da ake ba ƙwan LED, haskensa yana ƙaruwa, amma ba ya ninkawa sosai. Wani kaso yana zama zafi. Idan kuma ƙwan ya yi zafi, haskensa yana daɗa raguwa. Ku taɓa kan tocila bayan ta yi minti 10 a babban haske. Wannan ɗumi da kuka ji, kuɗinku ne yake ƙonewa.

Dalili na biyu yana ga batir. Busasshen batir, wanda da yawa a nan suke kira pil, ba ya son a zuƙe shi da sauri. Kamar rijiya yake. Idan ana ɗiba a hankali, ruwa yana tsattsafowa. Idan aka taru a kanta da guga goma, sai ta ƙafe tun da sauran ruwa a ƙasa. Ƙaramin batir mai alamar LR6 yana iya ba da fiye da 2500 mAh idan ana zuƙarsa kaɗan-kaɗan. Idan ana zuƙar 1000 mA, ba ya ba da ko rabin haka. Mai alamar R6 ya fi shi saurin gajiya.

Dalili na uku yana ga idonku. Ido ba ya ganin haske yadda na'ura take auna shi. Sai an ƙara haske kamar sau 4 kafin ido ya ga kamar ya ninka sau 2. Haka kuma nisa: idan kuna so haske ya kai ninkin inda yake kaiwa, sai an ƙara ƙarfinsa sau 4. Ke nan kuna biyan kuɗi mai yawa don ƙari kaɗan.

Akwai kuma wata baiwa da ido yake da ita. Idan mutum ya zauna cikin duhu na minti 20 zuwa 30, idonsa yana sabawa, har ɗan haske ya ishe shi. Babban haske yana ɓata wannan sabo nan take. Wanda ya fara da ƙaramin haske yakan ga ya wadatar.

Wane mataki don wane aiki?

Karatu da rubutu: ƙaramin haske. Lumen 20 zuwa 30 ya ishi mutum ɗaya idan tocila tana kusa da littafi. Babban haske a kan farar takarda yana kashe ido.

Aikin ɗaki, cin abinci, shayar da jariri, neman kaya: ƙaramin haske. Ku tsayar da tocila ta haska rufin ɗaki ko bango mai haske, sai hasken ya bazu.

Tafiya a hanya, zuwa makewayi ko rijiya: matsakaicin haske, ku haska ƙasa a gabanku.

Duba garke, neman dabbar da ta ɓata, jin motsi a bayan gida: babban haske, amma na ɗan lokaci. Ku haska, ku gani, ku rage.

A nan akwai gargaɗi. Tattali ba ya nufin ganganci. Da damina da kaka, lokacin da ciyawa ta yi tsawo, kububuwa da kunama suna yawo da dare. Launin kububuwa yana sajewa da ƙasa, kuma saranta yana kisa. Idan za ku bi ta gona, ko cikin ciyawa, ko gefen rumbu, kada ku rage haske don tausayin batir. Haka idan ana karɓar haihuwa ko ana duba rauni. Dalilin tattali a sauran lokuta shi ne a sami batir mai ƙarfi a irin wannan lokaci.

Ire-iren batir

Ku karanta haruffan da ke jikin batir. R20 shi ne babba, R14 mai bi masa, R6 ƙarami, R03 ɗan siriri. Dukansu bolt 1.5 ne.

Idan harafin R ne kaɗai, batirin tutiya da gawayi ne. Shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu, kamar Tiger Head da ake kawowa daga ƙasar Sin. Yana da araha. Yana aiki sosai a ƙaramin haske da rediyo, musamman idan ana kunnawa ana kashewa, don yana ɗan farfaɗowa idan ya huta. Babban haske yana gajiyar da shi da wuri, kuma yana yoyo idan ya tsufa.

Idan an rubuta LR, batirin alkalin ne. Ya fi tsada, ya fi daɗewa sau 2 ko fiye, kuma ya fi jure ajiya.

Idan an rubuta NiMH, na caji ne, bolt 1.2. Ana iya cajinsa sau ɗaruruwa, kuma yana jure babban haske fiye da busasshen batir.

Akwai batirin litiyom mai lamba 18650, bolt 3.7, wanda ke cikin tocilolin da ake caji da wayar salula. Na gaskiya yana ɗaukar 2000 zuwa kimanin 3500 mAh. Idan kuka ga an rubuta 9900 mAh a jikinsa, ƙarya ce.

Akwai kuma tocilar caji mai nauyi, wadda batirinta na darma ne. Ita ba ta son a bar ta babu caji. Idan ta mutu aka ajiye ta makonni, batirin yana lalacewa gaba ɗaya. Ku caje ta tun haskenta bai ƙare ba.

Farin ƙwan LED yana bukatar kimanin bolt 3 kafin ya kama. Shi ya sa tocila mai araha takan ɗauki batir uku. Irin wannan tocila tana fara haske da ƙarfi, sannan ta riƙa dushewa a hankali na tsawon kwanaki. Tocila mai tsada tana da na'urar daidaita wuta a ciki. Haskenta ba ya sauyawa sosai, amma tana iya ɗaukewa farat ɗaya idan batir ya ƙare. Idan irinta kuke da ita, ku riƙe batirin ko-ta-kwana.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ku

A 2009 aka fitar da wata ƙa'ida a Amurka ta auna tocila, mai suna ANSI FL1. Kamfanoni da yawa suna bin ta. A wannan ƙa'ida, ana ƙirga awannin tocila har zuwa lokacin da haskenta ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Saboda haka idan an rubuta lumen 300 da awa 5, ba ana nufin za ku sami lumen 300 na awa 5 ba ne. A ƙarshen awa ta biyar, lumen 30 ne ya rage. Tocila da yawa ma suna rage haskensu da kansu bayan ƴan mintoci don kada su yi zafi.

Wata dabara kuma ita ce a rubuta lumen na babban mataki kusa da awannin ƙaramin mataki, kamar tare suke tafiya. Ku tambaya: wannan awa ta wane mataki ce?

Wasu kuma ƙarya ce tsagwaronta. Za ku ga ƴar tocila mai batir ɗaya an rubuta mata lumen 10,000. Irin wannan haske yana bukatar kusan wat 100. Da gaske ne, da batirin 18650 ya ƙare cikin kimanin minti 6.

Ga fitilu masu aiki da hasken rana akwai inda za a dogara. A 2007 Bankin Duniya ya ƙaddamar da shirin Lighting Africa, wanda ya kawo tsarin gwada ingancin irin waɗannan fitilu. Tun 2020 aikin gwajin yana ƙarƙashin sunan VeraSol. Fitilar da ta ci wannan gwaji, an tabbatar cewa abin da aka rubuta a kwalinta gaskiya ne, kuma tana da garanti na shekara 1 ko fiye. Ku tambayi mai sayarwa, ku karɓi takardar garanti, ku adana ta.

Ku gwada da kanku

Gani ya kori ji. Wannan gwaji ba ya bukatar na'ura. Kuna iya yinsa a ajinku, kowa ya kawo tocilarsa.

1. Ku sayi sabon batir jeri biyu, iri ɗaya, a wuri ɗaya. Idan tocilar caji ce, ku cika ta.

2. Ku zaɓi shafi guda na littafinku. Ku ajiye tocila kamu ɗaya daga shafin. Kada ku sauya nisan.

3. Ku kunna babban haske awa 2 kowane dare. Ku rubuta lokacin kunnawa da na kashewa, ta agogon salula.

4. Daren da kuka kasa karanta shafin ba tare da wahala ba, gwajin ya ƙare. Ku tara awannin.

5. Ku sa jeri na biyu, ku maimaita da ƙaramin haske.

6. Ku raba kuɗin batir da yawan awa. Abin da ya fito shi ne kuɗin hasken awa ɗaya.

Ga misalin lissafi. A ce batir uku sefa 300 ne, wato dala 60. A ce sun yi awa 4 a babban haske, awa 20 a ƙarami. Idan kuna kunna tocila awa 2 kowane dare, babban haske zai ci jeri 15 a wata, sefa 4500, wato jika huɗu da rabi. Ƙaramin haske zai ci jeri 3, sefa 900. Bambancin sefa 3600 ne a wata guda. Ku sa farashin kasuwarku, ta Tasawa ko Mayahi, ta Maijirgi ko Sarkin Hausa, ku sake lissafin. Sannan ku tambayi kanku tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya a lokacin bazara.

Da wannan lissafi ne kuma za ku gane ko fitila mai hasken rana za ta fi muku. Ku raba kuɗinta da abin da kuke kashewa kan batir a wata. Abin da ya fito shi ne watannin da za ta yi kafin ta maido da kuɗinta. Idan kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, adashi ko asusun ƙungiya, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, yana iya saya wa kowa bi da bi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Gwaji da lissafi su ne shaida.

Yadda za ku kula da batir

Zafi maƙiyin batir ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40, kuma batir yana rasa ƙarfinsa ko ba a yi amfani da shi ba. Ku ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da rufin kwano. Kada ku sayi wanda aka shanya a rana a kan tebur. Ku duba ranar ƙarewar aikinsa da aka buga a jikinsa.

Kada ku haɗa sabo da tsoho, ko iri biyu, a tocila ɗaya. Tsohon zai ja sabon ƙasa, kuma yana iya yoyo.

Wasu suna shanya mataccen batir a rana ko su cije shi don ya farfaɗo. Yana iya ba da ɗan haske na ɗan lokaci, amma ba a ƙara masa komai ba. Cizo yana fasa shi, abin da ke ciki kuma yana cutar da baki.

Kada ku yi cajin busasshen batir. Yana iya fashewa.

Idan za ku ajiye tocila fiye da mako biyu, ku cire batir. Wasu tociloli suna zuƙar wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe suke.

Ku goge gilashin tocila, musamman lokacin hunturu da ƙura. Ku kankare tsatsar da ke inda batir yake taɓa ƙarfe. Sau da yawa datti ne yake rage haske, ba batir ba.

Idan fitilar rana ce, ku fitar da faifan ya sha rana, ku bar fitilar a inuwa idan wayarta ta kai. Ku goge faifan kowace safiya.

Batirin litiyom da ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta. Ku daina amfani da shi, ku fitar da shi daga ɗaki.

Mataccen batir ba abin wasa ba ne

Kada ku bar yara su fasa batir ko su sa shi a baki. Kada ku jefa shi a wuta, ko kusa da rijiya, ko cikin juji da za a kai gona. Ku tara matattun a gwangwani mai murfi, inda yaro da dabba ba za su kai ba. Ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga ya fi haɗari. Idan yaro ya haɗiye shi, ku kai shi asibiti nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

Batirin darma kuwa guba ne. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun rasu a wata unguwa kusa da Dakar, a ƙasar Senegal, saboda ƙurar darma daga tsofaffin batir da ake fasawa a unguwar. Kada a fasa irin wannan batir a gida, kada a narka darmarsa.

Abin da za ku riƙe

Ku fara da ƙaramin haske, ku ƙara idan bai isa ba. Ku ajiye babban haske don hanya mai haɗari da lokacin larura. Ku karanta haruffan jikin batir kafin ku biya. Ku rubuta abin da kuke kashewa kan haske na wata guda, ku kawo shi aji, ku gwama da na ƴan uwanku. Wanda tocilarsa ta fi tattali ya faɗa wa saura irinta da inda ya saye ta.